Kwabon Kaka Hure da Shanun Baba

Unguwar Ɗorawa,
Ta hanyar Makoda,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miƙo maka gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ƙanwa take yi wa yayanta, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Yaya kasuwa, yaya kuma ruwan Fatakwal da kake cewa ba ya ɗaukewa? Allah ya sa albarka a cikin nemanka, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya dawo mana da kai cikin alheri.

Mu nan gida kowa lafiya, sai godiyar Allah. Ruwan shuka ya sauka da wuri, gero ya tsiro da kyau, gyaɗa ma ta fara rufe ƙasa. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai, har tana zuwa barka da ta'aziyya ba tare da sanda ba. Ni kuma ina nan ina fama da 'yan ajina, an ƙara mini da 'yan aji biyar saboda malamarsu ta tafi hutun haihuwa. Na san ka ji ƙishin-ƙishin cewa Baba ya so sayar da shanun huɗa, kuma na san ranka ya ɓaci, tunda da guminka aka sayi ɗaya daga ciki. To, ka kwantar da hankalinka. Shanu suna nan a turkensu, sun yi ƙiba, kuma mun fita daga lamarin da riba da mutunci. Labarin ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto maka shi daga tushe, zan ba Tasi'u direba ya kawo maka idan zai sauko da awaki.

Abin ya faro ne da bazara, lokacin da Baba ya sa aka rushe tsohon ɗakin marigayiya Kaka Hure, domin bangonsa ya tsage yana neman faɗowa kan rumbu. Ana cikin haƙar gindin bango sai diga ta fasa wani asusun ƙasa da ta binne a kusurwar da gadonta yake. Tsofaffin kuɗi suka zubo, irin na zamanin Turawa masu huji a tsakiya, aninai da kwabbai, wasu farare, yawancinsu na jan ƙarfe da suka yi baƙi saboda daɗewa. Baba ya tsaya yana kallonsu har idonsa ya kawo ruwa, ya ce kuɗin daddawarta ne, ya tuna yadda take ɗaure su a bakin zane idan ta dawo daga kasuwa. Aka zuba su a kwano aka ba Inna ajiya. Kafin la'asar duk unguwa ta ji wai an tono dukiya a gidanmu, kafin mako ya zagayo labari ya kai Ɗambatta, kuma a can an ce tukunyar zinariya ce.

Ba a daɗe ba sai ga wani mutum a kan babur, da farar shadda da ƙamshin turare, ya ce sunansa Alhaji Muntaka, sana'arsa haɗa masu tsofaffin kuɗi da masu saye. Baba ya karɓe shi a zaure ya nuna masa kwanon. Mutumin ya juya kwabban, ya zaɓi ɗaya, ya yi salati, ya ce wannan mace ce, kuma Turawa suna nemanta ido rufe domin akwai wani sinadari a cikinta da ake haɗa manyan na'urori da shi. Sai dai, in ji shi, ba sa sayen mace ita kaɗai, sai an haɗa ta da namijinta. Ya zaro wani kwabo daga aljihu ya ce ga namijin, na wani mutumin bakin iyaka ne ya ba shi talla. Ya ajiye allura a kan tabarma, ya kawo kwabon kusa da ita, allura ta yi tsalle ta manne. Daga nan ya kira wani a waya ya miƙa wa Baba, wai attajiri ne a Legas, shi kuma ya ambaci miliyoyin da zai biya idan aka kawo masa biyun tare. Kuɗin namijin kuwa, da aka faɗa, ya zo daidai da abin da shanunmu biyu za su yi a kara. Daga baya na gane ba dace ba ne, ya riga ya ga shanun a ƙofar gida kafin ya yi sallama.

Yaya, kada ka ga laifin Baba da yawa. Ka san shi ba mai kwaɗayi ba ne. Da Inna ta tambaye shi me zai yi da irin wannan kuɗi, cewa ya yi zai kai ta Makka kafin ƙarfinsu ya ƙare, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ya kuma kira ka gida ya kafa maka shago a Ɗambatta ka daina zama a nesa. Ya ga allura ta yi tsalle da idonsa, ya ji muryar mai saye da kunnensa. Ya kira dillali ya duba shanu, aka tsayar da magana cewa ranar kasuwa mai zuwa za a yi ciniki a biya Muntaka. Inna ta aiko aka kira ni, na same ta ta kasa cin abinci. Ta ce ta yi magana, Baba ya ce wai mata ba su san harkar duniya ba. Ga damina a bakin ƙofa, idan shanu suka tafi, da me za a yi huɗa?

Na daɗe ina tunanin yadda zan fuskance shi. Na san idan na ce masa damfara ce, na nuna kenan an raina hankalinsa, kuma zai ƙara kafewa. Sai na je na durƙusa na gaishe shi, na yi masa murna, sannan na ce abin da yake damuna shi ne kada a taushe mu a farashin tamu macen, tunda mu ba mu san darajarta ba, mutum ɗaya kawai ya faɗa mana. Na roƙe shi ya bar ni da Malam, maigidana, mu kai kwabban Kano mu ji bakin wani masani kafin ranar kasuwa. Ya ce wannan magana ce ta hankali, mu je, amma kada ko ɗaya ya ɓata.

Malam ya yi cigiya a wurin abokan aikinsa, aka haɗa shi da wani dattijo a Gwammaja mai suna Alhaji Zubair, tsohon malamin tarihi da ya yi ritaya, wanda tun yana saurayi yake tara tsofaffin kuɗi. Muka hau bas daga Ɗambatta da safe, na ƙulle kwabban a tsumma na sa a jaka na rungume ta har muka sauka. Alhaji Zubair ya karɓe mu hannu biyu. Ɗakinsa cike yake da akwatuna masu aljihuna, kowane kwabo da gurbinsa da 'yar takarda a ƙarƙashinsa. Da Malam ya ba shi labarin mace da namiji, bai yi mana dariya ba, ajiyar zuciya ya yi. Ya ce ba a wata guda ba a zo masa da irin wannan labari ba, kuma sau da yawa sai bayan an sayar da gona ko babur ake zuwa. Ya ce babu mace babu namiji a kwabo, babu wani sinadari a cikinsa, kuma jan ƙarfe ba ya jan allura. Ya ɗauko mayen ƙarfe ya ɗora a kan 'yan kaɗan daga namu da na kwanto masa, ko motsi ba su yi ba. Sannan ya tambaye ni ko mutumin yana sanye da zobe a hannun da ya riƙe kwabon. Na tuna Inna ta ce da ta leƙa ta tsakanin asabari ta ga wani ƙaton zobe mai baƙin dutse a yatsansa. Alhaji ya ce to a nan mayen ƙarfen yake.

Daga nan ya shimfiɗa farin ƙyalle muka zuba namu. Da ya ga wasu suna ƙyalli kamar sababbi sai ya dafe kai ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Na ce Inna ce ta goge su da toka da tsamiya domin su yi kyau a idon mai saye. Ya ce Allah ya saka wa Hajiya da niyyarta, amma ta rage musu daraja, domin masu tarawa launin da shekaru suka ba kwabo suke so, kuma guga tana barin ƙananan zane da ake gani da gilashi. Ya yi mana bayani a natse cewa tsufa kaɗai ba ya sa kwabo tsada. Irin waɗannan an buga su miliyoyi, har yau ana samunsu a gidaje da yawa, kuma wanda ya sha hannu har rubutunsa ya shafe, kuɗinsa ba zai wuce na ƙosan safe ba. Abin da ake biya shi ne wanda aka buga kaɗan, ko wanda ya tsira da rubutunsa rangaɗau, ko wanda aka yi kuskure wajen buga shi. Na yi murna da na samu hujjar da zan ceci shanu, amma ina tunanin yadda zan koma in ce wa Baba duk abin da mahaifiyarsa ta tara bai kai kuɗin motarmu ba.

Alhaji ya ce tunda mun yi tafiya, bari a duba su ɗaya bayan ɗaya, kuma tunda ni malama ce in taya shi. Ya nuna mini yadda ake riƙe kwabo ta gefe ba ta fuska ba. A fuska ɗaya akwai kambin sarauta a saman hujin da sunan mai mulkin Ingila na lokacin a kewaye, a ɗaya fuskar kuma tauraro mai tsini shida da shekarar da aka buga shi. Ya ce in ware masu sunan Sarki Joji gefe guda, masu sunan Sarauniya gefe guda, in riƙa duba shekara. Na lura na jan ƙarfe masu sunan sarkin duk 1952 ne, na Sarauniya kuma daga baya suke. Ina cikin haka sai na ɗauki wani mai launin ƙasa-ƙasa, daga cikin waɗanda Inna ba ta kai ga gogewa ba saboda baƙi sun katse ta. Sunan sarki ne a jikinsa, na juya zan ajiye shi a cikin 'yan uwansa, sai na ga 1956. Na sake juyawa, na sake karantawa. Na ce wa Alhaji ko dai idona ne, domin wannan ya ƙi shiga kowane kashi, sunansa na can, shekararsa ta nan.

Yaya, da ka ga yadda dattijon nan ya canja. Ya ajiye abin da yake hannunsa, ya goge tabaransa, ya karɓi kwabon ya kai bakin taga da gilashinsa mai ƙara girman rubutu. Ya duba gefensa ko an manna rabin wani da rabin wani, ya ɗora shi a wani ƙaramin sikeli, ya buɗe wani babban littafi mai hotunan kuɗaɗen duniya ya gwada. Sannan ya juyo yana murmushi ya ce Malama, kin tsinci abin da na daɗe ina nema. Ya bayyana mana cewa ana buga kwabo ne tsakanin hatimi biyu, na sama da na ƙasa. Sarkin ya rasu tun 1952, amma a masana'antar da ta buga wannan, wadda alamarta ita ce wani ɗan ƙaramin harafi da ya nuna mini, ma'aikata sun yi kuskure suka haɗa tsohon hatimin sarki da na sabuwar shekara. Waɗanda suka fita da wannan kuskure ba su da yawa, shi ya sa masu tarawa suke nemansu. Namu kuma bai sha hannu ba, da alama Kaka ta jefa shi a asusu yana sabo.

Malam ya tambaye shi ko miliyoyin sun tabbata kenan. Ya yi dariya ya ce a'a, kada mu bar wata ƙarya mu faɗa wata. Ya nuna mana a wayarsa farashin da aka sayar da irinsa a wuraren gwanjo na ƙasashen waje, ya lissafa mana da kuɗinmu, ya faɗi abin da shi zai iya biya. Abin da ya ƙara mini yarda da shi, ya ƙi saye a ranar. Ya ce ba namu ba ne, mu koma wa mai shi, ya kuma ba mu lambar wani mai tarawa a Kaduna ya ce mu aika masa hoto mu ji nasa tayin. Ya naɗe kwabon a takarda mai laushi, ya ce in gaya wa Hajiya kada ko ruwa ya taɓa shi.

Da muka dawo na zayyana wa Baba komai, ban rage ba, ban kuma goranta masa ba. Ya saurara har na gama, ya karɓi kwabon ya duba, ya ce in tashi in tafi gidana, yamma ta yi. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba, bai kuma aika wa dillali ya fasa ba. Kwanakin da suka rage kafin kasuwa ni da Inna addu'a kawai muke yi. Ranar kasuwa da sassafe ya aika wa Malam ya zo ya kai shi Ɗambatta a babur, ya ce shanu su jira tukuna. Abin da ya faru a can daga bakin Malam na ji, kuma yanzu duk garin an sani.

Sun sami Muntaka a rumfar mai shayi kusa da kara, tare da wasu manoma biyu daga wajen Tsanyawa, waɗanda su ma ashe an gaya musu suna da mace. Ɗaya har ya sayar da babur ɗinsa, kuɗin yana aljihunsa. Baba ya gaisa da kowa, ya ce kafin a kira dillali yana so ya sake ganin ikon Allah. Muntaka ya ajiye allura a kan benci, ya kawo kwabo, ta yi tsalle, mutane suka matso. Baba ya ce shi tsoho ne, idonsa ba ya gani sosai, a ɗora masa kwabon a tafin hannunsa ya gwada da kansa. Muntaka ya ce ai namiji ba ya aiki a hannun wanda bai biya ba. Baba ya ce to ya cire zoben nan ya sake gwadawa, Muntaka ya ce zoben na tsari ne, an hana shi cirewa. Sai Baba ya ɗauki allurar da yatsu biyu, ya kai ta kan kwabon da yake ajiye a benci, ta kwanta shiru. Ya ɗaga ta ya kai kusa da hannun Muntaka, ta fizge ta manne a jikin zoben, kowa yana kallo. Malam ya ce nan take rumfar ta kaure da hayaniya. Mutumin ya ce bari ya je ya kama ruwa ya dawo, mai shayi ya tare ƙofa. Matasa suka so su lakaɗa masa duka, Baba ya ɗaga sandarsa ya hana, ya ce a kai shi wurin Sarkin Kasuwa, shi ya miƙa shi ga hukuma. Manomin da ya sayar da babur ya rungume Baba yana kuka, kuma kafin azahar ya je ya roƙi wanda ya saya ya mayar masa da abinsa.

Mutumin Kaduna ya ga hoto ya yi tayi da ya ɗan ɗara na Alhaji Zubair. Da muka gaya wa Alhaji, ya ce ya amince da wannan farashi, kuma ya taso da kansa har Unguwar Ɗorawa. Shi da Baba suka shafe yini a zaure suna hirar zamanin dalar gyaɗa. Baba bai karɓi kuɗin ba sai da ya aika wa Gwaggo Asiya, tunda gadonsu ne su biyu. Ta ce a zuba a gandu, a fitar wa Kaka sadaka. Kuɗin kwabo ɗaya tak ya sayi buhun taki uku, aka yi waina aka raba a masallaci ranar Juma'a. Sauran kwabban Baba ya ce ba na sayarwa ba ne, ya raba wa jikoki, na yaranka Ramlat da Abdulkabir suna wurin Inna. Ya ba ni 'yan kaɗan na kai makaranta, yanzu 'yan ajina sun iya karanta shekara a jikin kwabo, kuma iyayensu sun fara aiko da nasu in duba musu kafin su saurari kowane baƙo. Inna kuwa har yau tana cewa da baƙin nan ba su katse ta ba, da ta goge buhun taki uku da toka.

Ga abin da ya fi komai faranta mini rai. Ka san tunda aka kawo ni gidan Malam, Baba bai taɓa taka ƙofar gidan ba, ko da na haihu aike ya yi. Shekaranjiya da hantsi ina shanya sai na ji ƙarar amalanke a waje. Baba ne da kansa, ya ɗauro rabin buhun taki. Ya ƙi shigowa ciki, ya zauna a zaure, na fito na durƙusa. Ya ce takin na gayaunata ne, 'yar gonar da nake nomawa. Sannan ya dubi Malam ya ce masa ya gode da bai cire ni daga aikin koyarwa ba, kuma daga yau duk wata magana ta gandu, a riƙa kirana a ji ta bakina. Ya sa mini albarka, ya hau amalankensa ya tafi. Na koma ɗaki na yi ta kuka, Malam yana yi mini dariya.

Ka gaishe mini da matarka Yaya Safiyatu da kyau, ka ce ina nan ina tanadar mata kuka da daddawa. Ka shafa mini kan Ramlat da Abdulkabir. Baba da Inna suna sa maka albarka, Gwaggo Asiya tana gaishe ka, Malam ma ya ce in miƙa gaisuwarsa. Muna sa ran ganinku da kaka, ku zo ku ci sabon gero. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Taka ƙanwa mai yi maka addu'a kullum,

Muhsina.